Gurbi Ashirin

A daminar 1990, lokacin Birnin Kebbi da Argungu duk suna cikin Jihar Sakkwato, ina aiki da wani shirin noman fadama mai ofis biyu, babba a Birnin Kebbi, ƙarami a Argungu. Ni ce mai kula da kwamfuta. Sunana Kezia, ɗiyar Matiyu direba, wanda ya baro ƙasar Jos tun yana saurayi ya zauna a unguwar Nasarawa har ya manta yadda ake jin sanyi. Shekarata ashirin da huɗu, takardar shaidar karatuna na rataye a bango, kuma ban yarda akwai abin da ya fi ƙarfina a ɗakin nan ba.

Kwamfuta biyu muke da su, ɗaya a kowane ofis. Wayar tarho ba abin dogaro ba ce, sai aka haɗa su ta rediyo. Kullum ƙarfe bakwai na safe a tada janareta a can, a tada a nan, na minti goma sha biyar kacal. Duk layin da aka buga a Argungu aka danna maɓallin aikawa, injin zai ƙulle shi ƙulli guda ya jefo mana. Ba ya tambaya ko ya iso, ba ya jiran amsa. In ya faɗi a hanya, ya faɗi ke nan.

Abin da ake jefowa kuwa labarin gulbi ne. Ruwan da ya wuce Argungu yau, gobe da yamma ko jibi yana fadamar Zauro, inda manomanmu suka shuka shinkafa mai saurin nuna. Saboda haka saƙon gajere ne: RW, wato ruwa, sai ARG, wato Argungu, sai kwanan wata, sai santimita nawa ruwa ya ƙaru daga jiya. Ni da kaina na rubuta umarnin da injinmu ke bi wajen karɓa. Na ware wa saƙo gurbi ashirin, kowane harafi gurbinsa, abin da ya wuce ashirin ya zube. Na kuma ce in saƙo ya fara da RW a buga shi a takarda, in ba haka ba a ƙyale shi, don rediyo kan kwaso tarkacen wasu. Na gwada sau hamsin, bai taɓa kuskure ba, na dinga tafiya a ofis ina jin kaina.

Mai aiko da saƙon shi ne Malam Riskuwa. Ɗan gidan masunta ne, shekara ashirin da shida yana karanta sandar awo da aka kafa a bakin gulbi, saura shekara biyu ya yi ritaya. Kafin zuwan kwamfuta a kati yake rubutawa, kuma mahaifina ne ke zuwa da mota duk mako ya karɓo katunan. A nan suka ƙulla abota, irin wadda ba ta da yawan magana. Baba ya kai masa dankali in an kawo mana daga gida, shi kuma ya aiko mana da busasshen kifi. Tun ina goye yake kirana ɗiyata. Kwana uku na yi ina koya masa buga saƙo, da yatsa ɗaya yake yi, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Tun makon farko saƙonsa ya fara zuwa da wutsiya. Maimakon ya tsaya a kan lamba, sai ka ga:

RW ARG 20/7 +2KI? YA

Wata rana TA, IN. Wata rana wani guntun da ba kai ba gindi. Lambar dai tana karantuwa, amma abin ya tsaya mini a rai, domin duk wanda ya ɗauki takardar sai ya dube ni. Manajanmu, Alhaji Abdussamadu, mutum ne mai son abu tsaf, har alƙalumansa a jere suke bisa tsawo. Ya kan riƙe takardar da yatsa biyu ya ce, “Malama Kezia, injin naki yau ma ya yi mahwalki?”

Da farko na ɗora wa hadari laifi, sai wutsiyar ta zo ranar da sama take fes. Na canja wayar da ta haɗa kwamfuta da rediyo. Na sa Toma, mai gyaran rediyonmu, ya hau ƙarfen eriya har sau biyu, ya sauko yana mita cewa matarsa ba ta shirya zaman takaba ba. Na zargi janareta, na aro batir na gwada. Duk a banza. A ƙarshe na tura Toma Argungu wata Asabar, na kunna injina sabo, ya bugo mini saƙo goma a jere, RW kaza, RW kaza. Goman nan suka iso tas, ko ɗigo babu.

Shi ke nan, na samu mai laifi. Ba rediyo ba ne, ba waya ba ce, ba kuma aikina ba ne. Yatsan tsoho ne ke zamewa. Na aika masa da takarda ta hannun direba cewa don Allah ya riƙa kula, lamba kawai ake bukata. Ya aiko da amsa cewa yana kula. Washegari wutsiya ta dawo.

Ana cikin haka jikin Baba ya tsananta. Ranar Lahadi, biyar ga Agusta, ya rasu. Malam Riskuwa ya zo ta’aziyya da kansa, ya zauna a kan tabarma cikin mutanen cocinmu tun hantsi har la’asar, bai ce komai ba sai addu’a. Da zai tafi ya tsaya a gabana ya ce, “Kina dai samun gaisuwata?” Na ce eh, na gode. Na zaci wadda yake aikowa ta bakin direbobi yake nufi, kuma a ranar ko tambayata aka yi sunana sai na yi tunani.

Na koma aiki bayan mako biyu, zuciyata a bushe, komai haushi yake ba ni. Sai ranar Juma’a, sha huɗu ga Satumba, injin ya bugo wannan:

RW ARG 14/9 +80 YAU

A karon farko saƙon Malam Riskuwa ya zo da ma’ana daga farko har ƙarshe. Har na ce a raina, to, tsoho ya koyi aiki. Sai lambar ta dake ni. Santimita tamanin a kwana ɗaya ba ƙaruwa ba ce, ambaliya ce. Na ruga ofishin manaja. Muka juya rediyo zuwa magana, Toma ya yi ta kiran Argungu, shiru, an riga an kashe janareta an kulle ofis. Manaja ya dubi agogo ya ce zuwa Argungu da dawowa zai ci rabin yini, kuma motar ɗaya ce. Ya sa aka ɗaura mata lasifika ta nufi Zauro, ana shela cewa ruwa na tafe, duk mai shinkafa a ƙasan fadama ya yanke abin da zai iya.

Saura kwana goma shinkafar ta nuna. Gida wajen talatin suka shiga da lauje, suka yanke ta da ruwan nono a cikinta. Asabar ta wuce, Lahadi ta yi yamma, gulbi yana kwance abinsa. Direban da aka tura Argungu ya dawo ya ce Malam Riskuwa ya rantse takwas ya rubuta, ba tamanin ba.

Manaja ya ce in rubuta rahoto a daren nan. Na rubuta, kuma ban rage komai ba. Na kawo gwajin Toma, na lissafa duk abin da na canja, na ce inji lafiyarsa lau. Na ce ma’aikacin Argungu ba ya kula, yana danna abin da ya ga dama, an yi masa gargaɗi bai ji ba, kuma da alama shekaru sun ja. Da hannuna na rubuta wannan, ba wanda ya tilasta ni. Ranar Litinin da safe aka ba ni takardar sallamarsa in kai, tunda dole in je in karɓi makullin ɗakin inji.

Na same shi zaune a ƙofar ofis, ya jingina kekensa da bishiyar dogonyaro, ƙafar wandonsa jiƙe da ruwan gulbi. Ko a ranar ya je ya karanta sandarsa. Ya fara gaisuwa, ina gajiya, ina mutanen gida, yaya Mama da haƙuri, ni kuwa ina amsawa a gajarce don in rabu da nauyin da ke jakata.

Ya ce, “Ba ni takardar, ɗiyata. Na san mi yak kawo ki.”

Na miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Manaja ya kwafo kalmomina cikin takardar, har da sunana. Na ga lokacin da ya iso wurin shekaru sun ja, domin ya tsaya, ya koma ya sake karantawa. Sannan ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

“To,” ya ce. “Aiki kam ana barin shi. Abin da ad damuwata, jiya kasuwa wani yac ce Riskuwa ba shi ganin sanda. Ni da ubana ka auna ruwa da ido tun ba a kahwa sanda ba.”

Na ce ina son takardar da injinsa ya buga ranar Juma’a, in haɗa da rahoto. Injin Argungu yana buga duk abin da aka aika a kan doguwar takarda mai naɗi, amma ban taɓa neman gani ba, don a ganina na riga na san abin da ke ciki. Ya jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur. Takardun na ciki, kowane mako naɗinsa, ɗaure da zaren taru. Ya kwance na makon jiya ya shimfiɗa mini.

Layi biyu ne a ƙarƙashin ranar Juma’a, ba ɗaya ba.

DIYATA KWANA 40 YAU DA RASUWAR MATIYU. ALLAH SHI BA KI HANKURI.
RW ARG 14/9 +8

Na daɗe ina kallon layin farko. A cocinmu ba a ƙirga kwana arba’in, ni kaina ban san ranar ta cika ba. Na ja takardar sama. Alhamis: INA KWANA DIYATA, INA GAJIYA. Laraba haka. Na kwance naɗin watan Yuli: INA FAMA DA AIKI? YA RUWAN JIYA? Wani wurin, YA JIKIN MATIYU? KI CE MASHI INA NAN TAHE. Kowace safiya ta Allah, tun ranar da aka kafa injin, gaisuwa ce a sama, lamba a ƙasa.

Na ce, “Baba, mene ne wannan? Ba na ce lamba kawai ba?”

“Awo, kin ce. Lambar ita kaɗai nika bugawa, ga ta nan layinta daban, ban taɓa gama ta da komi ba. Amma mutum ba shi hwaɗo ma ɗan’uwa nai da lamba da sassahe ba sallama. Ko jaki kab biya kusa da shi, ka kan ce mashi wani abu.”

Sai wani tunani ya faɗo mini. Na ciro takarda na zana gurbi ashirin a jere. Na rubuta layinsa na farko a ciki, harafi harafi. DIYATA shida, fili ɗaya, KWANA biyar, fili ɗaya, sha uku ke nan. Huɗu ta zauna a gurbi na sha huɗu, sifiri a na sha biyar, sai fili, sai YAU. A ƙasa na rubuta saƙon ruwa. Ya ƙare daidai a gurbi na sha huɗu, takwas ɗinsa ta hau kan huɗun ta rufe ta. Sifirin kuwa ba abin da ya taɓa shi.

Ga abin da na yi. Na gaya wa injina ya zuba duk ƙullin da ya iso a cikin gurabun nan ashirin. Na gaya masa kada ya buga wanda bai fara da RW ba. Amma ban gaya masa ya kwashe na da kafin ya zuba sabo ba, ban kuma gaya masa ya duba tsawon saƙon da ya iso ya tsaya a nan ba. Kamar gurbin dara ne da aka tashi ba a kwashe ’ya’ya ba: ka zuba sababbi a ramukan farko, na ƙarshe suna riƙe da na wasan da ya wuce. Gaisuwarsa ta kan iso, ta cika gurabun, injin ya ƙi bugawa. Lamba ta biyo baya ta kwanta a kan kanta, jelarta ta leƙo. Gwajin Toma ya fita tas ne domin Toma bai gaishe ni ba.

Ban yarda da takarda kaɗai ba. Na sa aka tada janareta, na kira Birnin Kebbi ta baki, tunda rediyon babban ofis yana kan batir, har Toma ya ɗauka, na ce ya tada janareta ya kunna injina sabo. Na buga harafin X sau ashirin na aika, na bi shi da saƙon ruwa. Na koma kan magana na ce ya karanto mini.

Ya ce, “Saƙonki ya zo, amma da X shida a gindinsa. Ke ma yatsanki ya fara zamewa?”

Na ajiye abin maganar. Zan faɗi gaskiya, na yi tunanin yin shiru. Gyaran layi biyu ne kacal, ina iya yinsa gobe da safe ba wanda ya sani, domin a duk faɗin Birnin Kebbi ba mai iya karanta abin da na rubuta wa injin nan. An riga an sa sunana cikin masu zuwa kwas Kaduna a watan Janairu. Kuma ga mafita a shimfiɗe: ai shi ya karya doka, shi ya buga abin da ba a sa shi ba. Na ji kunyar kaina da wannan tunani ya zo mini, amma ya zo, ya kuma zauna na ɗan lokaci.

Malam Riskuwa yana tsaye a bayana yana jira. Na juya na ce, “Baba, takwas ka rubuta. Injina ne ya ƙara sifirin, kuma ni na gina shi haka. Gaisuwarka ba ta taɓa iso mini ba, ko sau ɗaya.”

Na zaci zai yi murna, ko ya yi faɗa, wanda duk ya zo zan ɗauka. Sai ya zauna a kan kujera ya cire tabarau.

“Ko guda?”

“Ko guda.”

“Wata biyar,” ya ce. “Nic ce ko aiki na yay yi miki yawa. Daga baya nic ce ko hakanan ’yan boko ka yi. Amma ɗiyar Matiyu ta, ba ni bari.” Ya shafa aljihun da takardar take. “Ashe gaisuwata ta yanke ma mutane shinkahwa.”

Na ce ba ita ba ce, ni ce. Ya gyaɗa kai, amma na ga bai karɓa ba. Na roƙe shi ya ba ni takardar sallamar in mayar, ya ba ni. Na roƙi naɗin takardun ma, ya ce in ɗauka duka, ba shi da abin yi da su. Kafin in tafi na gyara injinsa, domin umarnin nan nawa ne shi ma yake bi wajen karɓa.

Da la’asar na shiga ofishin manaja na shimfiɗa masa komai: zanen gurbi ashirin, takardar X shida, da naɗin ranar Juma’a. Ya saurara har na gama, ya gyara zaman alƙalumansa.

“To ai magana ba ta sake ba,” ya ce. “An ce mashi lamba kaɗai, yak kama gaisuwa. Wa yas sa shi?”

Nan raina ya ɓaci, kuma na gode wa Allah da ya ɓaci, don shi ya hana ni ja da baya. Na ce, “Ranka ya daɗe, kai ma in ka shigo da safe sai ka gaishe mu kafin ka tambayi takarda. Injin da gaisuwa za ta sa shi ƙarya, ba a gina shi daidai ba. Ko ba gaisuwa, ranar da aka aiko dogon saƙo aka bi shi da gajere, haka za a samu. Wata biyar yana nuna mini alama, na zargi hadari, na zargi eriya, na zargi tsoho, ban taɓa buɗe aikina na duba ba. In akwai wanda za a sallama, ga ni.”

Ya ce, “Kin san abin da kika hwaɗi? Rahoto ya riga ya tahi Sakkwato.”

“Zan rubuta wani, in sa hannu.”

Manaja ya jawo takardar sallamar gabansa. Ba mugu ba ne, mutum ne da ba ya son a warware abin da ya riga ya ninke. A ƙarshe ya yage takardar sallamar. Ni aka ba ni takardar gargaɗi, aka cire sunana daga kwas ɗin Kaduna. Malam Riskuwa kuma aka rubuta masa cewa ya ci gaba da aiki, amma daga yau kada ya sake buga komai a inji sai lamba. Na ce wannan layin ba shi da amfani tunda zan gyara. Manaja ya ce ya bar mini ɗaya, in bar masa ɗaya.

Saura Zauro, kuma wannan ba wanda ya aike ni. Ranar Talata na bi motar ofis na sa aka tara mini waɗanda suka yi yanka. Shinkafar tana baje a kan tabarmi, ta bushe ta motse, rabinta ƙaiƙayi. Na tsaya a gabansu na ce Malam Riskuwa takwas ya gani, takwas ya rubuta, ni ce injina ya mai da ita tamanin. Wani dattijo mai suna Hodi, wanda ya yanke fiye da rabin gonarsa, ya ɗebi shinkafar a hannu ya murza, ya hure.

“Mun ji,” ya ce. “Dama mun yi mamaki. Riskuwa bai taɓa yi muna ƙaryar ruwa ba. Ke kuma kin zaka da ƙahwarki, wannan ma wani abu na. Amma ki duba nan da kyau, ki tahi da shi cikin kanki.” Ya buɗe tafinsa a gabana, na duba. Har yau in na rufe ido ina ganin abin da ke ciki.

Gyaran bai ɗauke ni minti goma ba. Na sa injin ya share gurabun kafin kowane saƙo, ya ƙirga haruffan da suka iso ya tsaya a kansu. Na faɗaɗa gurbin zuwa tamanin, na kuma cire dokar RW, na ce duk abin da ya zo daga Argungu a buga.

Ranar Laraba na riga kowa zuwa. Ƙarfe bakwai janareta ya tashi, na zauna ina kallon na’urar buga takarda. Ta motsa sau ɗaya.

RW ARG 19/9 +3

Ba wutsiya, ba komai a sama. Saƙon da na shafe wata biyar ina nema ke nan, tsaf kamar alƙaluman manaja. Na jira layi na biyu, bai zo ba. Ban san abu mai tsabta zai iya yi wa mutum ciwo haka ba.

Saura minti goma sha ɗaya a kashe janareta. Takardar manaja shi ta hana, ba ni ba. Na jawo naɗin takardunsa daga aljihun tebur, na kwance na farko, na fara buga masa amsa. LAFIYA LAU BABA. BA GAJIYA. AIKI DA GODIYA. RUWA YA YI GYARA. Na bi su ɗaya bayan ɗaya iya saurin hannuna. Da na iso inda yake tambayar jikin mahaifina, yana cewa a gaya masa yana nan tafe, sai haruffan suka dushe mini, na tsallake. Na je kan na ranar Juma’a na buga: AMIN BABA. NA GODE DA KA KIRGA.

Saura minti huɗu. Toma ya leƙo ya tambaya ko ya kashe, na ɗaga masa hannu. Na san yadda tsohon yake bugu, yatsa ɗaya, harafi ɗaya, kuma na san takardar manaja tana aljihunsa. Minti uku. Minti biyu. Sai na’urar ta motsa, ta bugo layin gaba ɗayansa, ba abin da ya zube.

MADALLA DIYATA. ASHE KINA NAN. INA KWANA?